Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga limamai da shugabannin al'ummarmu na Bronx kan kuɗin wutar sola na Puerto Rico

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayena limamai, Allah ya gafarta muku. Sarakunan zango da shugabannin ƙungiyoyinmu na 'yan Najeriya da Nijar da Ghana, ranku ya daɗe. Iyayena mata masu riƙe da adashi da hidimar suna da biki, ina gaishe ku da ƙoƙari.

'Yarku ce ke rubuto muku. Shekarata 14 a unguwar Bronx ta birnin New York, kuma tun zuwana sana'ata ɗaya ce, kula da tsofaffi da marasa lafiya a gidajensu, aikin da matanmu da yawa a nan suke ci da shi. Sau biyu ina niyyar kawo maganar nan a lokacin sanarwa bayan sallar Juma'a, sai in ga kowa na neman takalminsa zai koma bakin aiki, ga shi maganar ta fi ƙarfin minti biyu. Shi ya sa na zauna na rubuta, na kuma sa ta a fili don 'yan'uwanmu na Harlem da Columbus da Greensboro su ma su gani.

Roƙona shi ne masallatanmu da ƙungiyoyinmu su sa baki a maganar kuɗin da Majalisar Dokokin Amurka ta ware don sa wa talakawan Puerto Rico, tsibirin da ke ƙarƙashin Amurka, wutar sola da batir, kuɗin da yanzu aka karkatar da kaso mai tsoka daga cikinsa zuwa wani aikin. Na san wani zai ce ina ruwanmu da wani tsibiri a tsakiyar teku. Ku yi haƙuri ku ji yadda ni abin ya zama ruwana.

Shekara uku ke nan ina kula da wata dattijuwa 'yar Puerto Rico a wani bene da ke kudancin Bronx. Jikokinta suna kiranta Abuwela, wato kaka da Sifaniyanci, ni ma haka nake kiranta, ita kuma tana ce mini 'yata. Huhunta ya yi rauni, don haka dare da rana akwai siririn tiyo a hancinta, an jona shi da wani inji mai kama da ƙaramin firji wanda ke tace iska yana ba ta oksijin. Da wutar bango injin yake aiki. In wuta ta ɗauke sai ya kama ƙara, ni kuma in ruga in jawo tukunyar oksijin ta ajiya, wadda awoyi kaɗan take yi ta ƙare. A cikin firji kuma ga allurarta ta ciwon suga, wadda zafi ke lalatawa. Duk wadda ke wannan aiki a cikinmu ta san abin da nake faɗa. Kina shiga gida, kafin ki ajiye jaka, sai kin duba soket.

Wata rana da yamma fitilar ɗakin ta yi ƙyaf sau biyu, bai fi ƙiftawar ido ba. Sai na ji ta damƙe mini wuyan hannu da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba, tana cewa "se fue la luz", wato wuta ta tafi. Wutar tana nan, amma jikinta ya daɗe yana rawa. A ranar ta ba ni labarin mijinta.

Suna zaune a wani ƙauye cikin duwatsun tsakiyar tsibirin lokacin da mahaukaciyar guguwar Maria ta sauka ranar 20 ga Satumba, 2017. Iska ta yaye kwanon rabin gidan amma kowa ya fita lafiya. Mijin shi ma da injin numfashi yake rayuwa. Suna da ɗan janareta, wanda su suke kira "planta", sai dai ƙasa ta zaftare ta rufe hanya, man da ke gida kuma ya ƙare tun makon farko. Ɗansu yakan taka da ƙafa, ya wuni a layin gidan mai, ya dawo da galan biyu. Da galan biyun nan ake lissafin awa nawa tsoho zai yi numfashi da inji, awa nawa zai yi da ƙarfin kansa. Ta ce da dare takan kashe janaretan ta zauna a bakin gado tana yi masa fifita da kwali, tana sauraren ƙirjinsa. Ya yi mako bakwai a haka, sannan ya cika. A takardar mutuwarsa ciwon huhu aka rubuta, ba a ambaci guguwa ba, ba a ambaci wuta ba.

Irin wannan mutuwa ce ta sa gwamnatin tsibirin ta daɗe tana cewa mutum 64 ne suka rasu a guguwar. Sai a watan Agustan 2018, bayan masu bincike na Jami'ar George Washington sun kwatanta yawan mace-macen watannin da suka biyo bayan guguwar da abin da aka saba gani, gwamnati ta amince da adadin 2,975. Tsofaffi da mazauna garuruwan talakawa ne suka fi tafiya. A ƙaramin tsibirin Vieques asibiti ya lalace, masu wankin ƙoda suka koma hawa ɗan jirgin sama sau uku a mako zuwa babban tsibiri. Sai da aka kusa wata 11 kafin a sanar an mayar wa kowa wuta, duhun da ba a taɓa yin mai tsawonsa ba a tarihin Amurka.

Mu da muka taso a Kano ko Maraɗi ko Kumasi ba a ba mu labarin ɗauke wuta. Mun san ihun yara in an kawo ta, mun san warin hayaƙin janareta, kuma da yawanmu mun tara kuɗi mun aika gida an sa wa iyaye sola da batir da inbata, don magani kada ya lalace, don su samu fanka da ruwan sanyi a watan azumi. Ni ma na yi wa mahaifiyata. Abin da ya girgiza ni shi ne jin cewa mutum miliyan 3.2 masu irin fasfon da muka yi shekaru muna nema suna cikin wannan hali, a wurin da bai wuce tafiyar awa huɗu a jirgi daga filin JFK ba.

Da na fara bin maganar sai na gane ciwon ya girmi guguwa, tun daga yadda aka shimfiɗa wutar ya faro. Manyan tashoshi, irin su Costa Sur da Aguirre da tashar kwal ta Guayama, suna gaɓar kudu. Jama'a kuwa sun fi yawa a arewa, wajen San Juan. Tsakaninsu duwatsu ne da kurmi, kuma ta nan manyan wayoyi suka ratsa. In turke ya faɗi ko reshe ya taɓa waya a cikin dajin nan, sai garuruwa su shiga duhu, wani lokaci tsibirin gaba ɗaya. Sannan tsibiri ba shi da maƙwabcin da zai ara masa wuta. Jihar New York in ta gaza tana ja daga Kanada da jihohin kusa, su kuwa duk inda suka juya ruwa ne. Fiye da kashi 90 cikin 100 na wutar da tashoshin ke bayarwa daga baƙin mai da dizal da iskar gas da kwal take fitowa, kuma duk a jirgin ruwa ake kawo su. Shi ya sa suke biyan kuɗin wuta fiye da yawancin jihohin Amurka, alhali kusan mutum huɗu cikin goma a tsibirin talakawa ne a ma'aunin gwamnati. Hukumar wutar gwamnati, PREPA, ta durƙushe tun 2017 da bashin kusan dala biliyan 9. An damƙa wayoyi da rarraba wuta ga kamfanin LUMA a watan Yunin 2021, tsofaffin tashoshin hukumar kuma ga Genera PR a watan Yulin 2023, amma duhun bai daina ba. Guguwar Fiona ta kashe wutar tsibirin duka a watan Satumban 2022. Da asubahin 31 ga Disamba, 2024, jajibirin sabuwar shekara, kusan kashi 90 na masu amfani da wuta sun wayi gari babu ita, ba tare da an yi wata guguwa ba. Ranar 16 ga Afrilu, 2025, aka sake, wannan karon kowa da kowa.

Yanzu ga maganar kuɗin. Bayan Fiona, marigayi Raúl Grijalva, ɗan majalisa daga Arizona, da wasu takwarorinsa suka nemi a ware dala biliyan 5 don sa sola da batir a rufin gidajen marasa ƙarfi. A watan Disamban 2022 Majalisa ta amince da biliyan 1, ta damƙa wa Ma'aikatar Makamashi. Dokar ta ce kuɗin na ƙarfafa wutar tsibirin ne, ta kuma ambaci waɗanda aka nufa ƙarara: gidajen masu ƙaramin ƙarfi, da gidajen da ke da mai naƙasa. Daga nan aka fito da shirin da ake kira Acceso Solar, wanda aka buɗe rajistarsa a watan Fabrairun 2024 da nufin kaiwa ga gidaje kusan dubu 30. Iri biyu aka sa gaba, talakawan da ke wuraren da in wuta ta tafi su ne na ƙarshen samu, da gidajen da wani a cikinsu yake rayuwa da na'ura mai cin wuta. Da na karanta wannan sharaɗin, fuskar mijin Abuwela da ke hoton kan talabijin ɗinta na gani. A watan Disamban 2024 kuma aka sanar da wasu dala miliyan 365 don sa sola da batir a ƙananan asibitocin unguwa, waɗanda suke kira Centros 330, da kuma wuraren da jama'a ke haɗuwa a gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi.

Waɗannan miliyan 365 ɗin ne Ma'aikatar Makamashi, ƙarƙashin Sakatare Chris Wright, ta sanar a watan Mayun 2025 cewa ta juya su zuwa gyaran manyan wayoyi da tashoshi. A watan Agustan shekarar kuma Hukumar Kare Muhalli ta soke shirin Solar for All, na sa wa masu ƙaramin ƙarfi sola, mai dala biliyan 7 a faɗin ƙasar, wanda a cikinsa Puerto Rico ke da kason miliyan 156. Ita kanta gwamnatin tsibirin, ƙarƙashin Gwamna Jenniffer González, a 2025 ta cire matakan tsakiya daga dokar 2019 wadda ta yi alkawarin kashi 40 na wuta mai sabuntuwa zuwa 2025 da kashi 100 zuwa 2050, ta kuma ƙara wa tashar kwal wa'adi zuwa 2032.

Iyayena, ba zan ɓoye muku hujjarsu ba, domin in kun kira ofishin ɗan majalisa za a iya faɗa muku ita. Sun ce sola a rufin asibiti mutane kaɗan take amfana, gyaran babban layi kuwa kowa ya shafa, kuma tsibirin na bakin rami, sai an yi gaggawa. Gwamnar ma ta goyi bayan hakan. Ni ban musa cewa layin na bukatar gyara ba. Masana'anta da filin jirgi da famfon ruwan birni ba za su rayu da farantan rufi kaɗai ba. Amma gyaran layin yana da nasa kuɗin, kuma ya ninka wannan sau da yawa. Tun watan Satumban 2020 hukumar agajin gaggawa ta FEMA ta ware fiye da dala biliyan 9 don sake gina wutar tsibirin. Ofishin binciken kuɗi na Majalisa, GAO, ya ba da rahoto a 2024 cewa daga dala biliyan 23.4 da FEMA ta ware don manyan ayyukan sake gina tsibirin gaba ɗaya, biliyan 1.8 kacal aka kashe zuwa tsakiyar 2023. Kuɗin na nan jibge, takardu da sharuɗɗa da tsarin sai ka kashe naka a biya ka ne suka riƙe shi, ga tsadar kaya na cinye shi yana zaune. Wanda ke da rumbu cike da ya kasa buɗewa, a ce maganin yunwarsa shi ne ya ɗauke ƙwaryar da aka ajiye wa majinyaci, wannan ni ban yarda da shi ba.

Kuma akwai abin da mai aikin jinya ta sani wanda lissafin ofis ba ya nunawa. Ko da an gyara layin ya zama sabo fil, ranar da wata Maria ta zo, turakun cikin duwatsu za su faɗi, kuma ƙauyen Abuwela ne zai sake zama na ƙarshe, domin ma'aikata daga birni suke farawa, inda gyara ɗaya ke haska gida dubu. Tsohon da ke kan injin numfashi ba zai jira wata shida ba, awa shida ma da ƙyar. Shi abin da zai cece shi shi ne wutar da ke saman kansa, wadda ba ta ratsa daji ba, ba ta jiran tankar mai. Haka asibitin unguwa. In firjinsa na aiki, allurar suga ta ƙauye guda ta tsira, mai asma ya samu inda zai jona injin shaƙa, ungozoma ta karɓi haihuwa da haske. Ƙanwar Abuwela tana can a duwatsun har yanzu, ita ma da ciwon suga, kuma irin wannan asibitin ne madogararta.

An riga an gwada abin nan an ga amfaninsa. A garin Adjuntas da ke cikin duwatsu akwai wata ƙungiyar al'umma mai suna Casa Pueblo, wadda ta fara a 1980 da yaƙi da haƙar ma'adinai a yankin. Tun 1999 suka sa sola a gidansu. Da Maria ta wuce, gidan nan da haskensa ya kwana, mutane suka riƙa zuwa cajin waya da jona na'urorin jinya, gidan rediyonsu ya ci gaba da sanar da jama'a halin da ake ciki, suka kuma raba dubban fitilun sola. A watan Maris na 2023 suka buɗe wata ƙaramar hanyar wuta ta haɗin gwiwa a tsakiyar garin, faranti kusan 700 a rufin shaguna, tana ba wuraren kasuwanci 14 wuta, kuma in babban layi ya faɗi sai ta ware kanta ta ci gaba. Can a tekun Fasifik ma, a tsibirin Ta'u na yankin Samowa ta Amurka, mutum kusan 600 da ke jiran jirgin dizal sun koma kan sola da manyan batura tun 2016, da tallafin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida da Hukumar Kare Muhalli, kuma baturan na iya riƙe su kwana uku ko rana ba ta fito ba. Sannan binciken PR100, wanda ɗakunan binciken gwamnatin Amurka da kansu suka yi aka fitar a watan Fabrairun 2024, ya nuna Puerto Rico na iya kaiwa kashi 100 na wuta mai sabuntuwa zuwa 2050.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne waye aka bari a baya. Mutanen tsibirin ba su zauna jiran gwamnati ba. Fiye da gidaje dubu 100 sun riga sun sa sola, yawancinsu da batir, har ta kai kamfanin rarraba wuta yana biyan masu batir don ya ja daga ajiyarsu da yamma in tashoshi sun gaza. Wato farantan rufin da aka ce na mutum ɗaya ne, ga su suna tallafe da layin kowa. Amma wa ya iya sa su? Mai albashi, mai takardar gida a hannu, wanda banki ya yarda da shi, ko mai ɗa a New York ko Florida da zai aiko. Rangwamen haraji na kashi 30 da masu gida a jihohi suka mora kafin a kawo ƙarshensa bai amfani yawancin mazauna tsibirin ba, domin ba sa biyan harajin tarayya kan kuɗin da suka samu a can, ko da yake ana cire musu na fansho da inshorar lafiyar tsofaffi, wato Social Security da Medicare, kamar yadda ake cire mana. Saura tsohuwa mai ɗan fansho a ƙarshen hanya. Ita dai tallafin nan ne ƙofarta. Mun san wannan hoton a gida, unguwa ta yi tsit cikin duhu, gida biyu ko uku na haske saboda suna da wani a waje. Kuɗin gwamnati an yi shi ne don wanda ba shi da kowa a waje.

To, me ya sa mu? Amurka ta karɓe Puerto Rico daga hannun Sifaniya a 1898, ta ba mutanenta zama 'yan ƙasa a 1917. Suna shiga soja, suna mutuwa a yaƙoƙinta. Amma muddin mutum yana zaune a tsibirin ba ya zaɓen shugaban ƙasa, ba shi da sanata ko ɗaya, wakilinsu guda a Majalisar Wakilai kuma, Pablo José Hernández a yanzu, yana magana amma ba ya jefa ƙuri'a in an zo zartar da doka. Haka abin yake a Guam da Tsibiran Virgin da sauran yankunan. Ni da na yi rantsuwar zama 'yar ƙasa shekara shida da suka wuce ina da sanata biyu da ɗan majalisa mai cikakkiyar ƙuri'a. Ƙanwar Abuwela, wadda aka haifa da shaidar zama 'yar ƙasa a hannu, ba ta da ko ɗaya. Ana yanke hukunci kan firjin maganinta a Washinton, ni ake jin muryata, ita ba a ji. Wannan nauyi ne Allah ya ɗora mana, ko mun lura ko ba mu lura ba.

Malamaina, ku kuka karantar da mu cewa Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado, kuma ku kuka ce mana ba a tambayar addinin maƙwabci kafin a ba shi haƙƙinsa. A Bronx su ne maƙwabtanmu na ƙofa da ƙofa. Sun riga mu zuwa da shekaru masu yawa, sun riƙe unguwannin nan a lokacin da gidaje ke ƙonewa masu hali na gudu, mu muka zo muka tarar da wurin zama. Ranar 9 ga Janairu, 2022, da gobarar benen Twin Parks a nan Bronx ta ci mutum 17, yawancinsu 'yan'uwanmu Musulmi 'yan asalin Gambiya, ina cikin matan da suka tsaya karɓar kayan taimako. Na ga tsofaffi masu Sifaniyanci suna jan keken kasuwa cike da barguna da rigunan sanyi, ba su san kowa a cikin mamatan ba. Ban manta ba.

Wani dattijo da na fara yi wa maganar ya ce mini ai suna da nasu mutane, ga Ritchie Torres ga Alexandria Ocasio-Cortez a Majalisar Wakilai, duk jininsu ne, kuma su ne wakilan yawancinmu. Gaskiya ne, kuma ba sai mun koya musu ciwon tsibirin ba. Amma in 'yan Puerto Rico kaɗai ke kuka, sai a ce kukan dangi ne. In wasiƙa ta zo da sa hannun limamai goma na Afirka ta Yamma, an san maganar ta fita daga gida ɗaya. Sannan ƙarfinmu bai tsaya a Bronx ba. Muna da 'yan'uwa a Ohio da North Carolina da Texas da Pennsylvania, jihohin da ke da sanatoci da wakilai na jam'iyyar da ke riƙe da Ma'aikatar Makamashi. Zaurukanmu na WhatsApp da ke tara kuɗin kai gawa gida cikin kwana biyu, su ne za su iya isar da saƙon nan can cikin dare ɗaya.

Na kuma san tsoron da ke zukatan mutane a wannan lokaci. Duk wanda takardunsa ba su kammala ba, kada a matsa masa, kada a sa sunansa a ko'ina, addu'arsa ta isa. Maganata da waɗanda Allah ya rufa wa asiri suka zama 'yan ƙasa ce, da 'ya'yanmu da aka haifa a nan waɗanda Turancinsu ya fi namu kaifi. Kiran ofishin wakilinka haƙƙinka ne, ma'aikaci ne zai ɗauka, ya tambayi sunanka da unguwarku, ya rubuta abin da ka ce.

Abin da nake roƙo ku yi ba shi da tsada. Ku rubuta wasiƙa ɗaya da sunan masallatai da ƙungiyoyinmu zuwa ga Sanata Chuck Schumer da Sanata Kirsten Gillibrand da wakilanmu na Bronx. A ciki a nemi a mayar wa ƙananan asibitoci da gidajen masu ƙaramin ƙarfi miliyan 365 ɗinsu, ko a maye musu gurbinsa a kasafi na gaba da kalmomin da ba za a iya lanƙwasawa ba. A nemi duk gidan da aka riga aka tantance a shirin Acceso Solar a sa masa kayansa, kada a bar mai injin numfashi da takardar amincewa a hannu, rufi wayam. A nemi su sa GAO ta bi sawun biliyan ɗayan nan, dala nawa ta isa rufin talaka, nawa ta tafi wani wuri, a kuma matsa a saki kuɗin FEMA na gyaran layi don a daina kafa hujja da shi. Bayan wasiƙar, liman ya ba maganar minti biyar a Juma'a ɗaya, matasa su tsaya a ƙofa su nuna wa mutane yadda ake gano wakilin unguwarsu. Iyayena mata, mu kuma da muke shiga gidajen tsofaffin nan kullum, mu tambaye su labarin danginsu na can, wadda ta yarda a rubuta labarinta a haɗa da wasiƙar ba tare da sunanta ba.

Masu son taimakawa da aljihu, akwai ƙungiyoyin al'umma a tsibirin irin Casa Pueblo da ke sa wa marasa lafiya sola gida-gida, kuma sadaka ce mai gudana. Sai dai kada mu ɗauka sadakarmu za ta toshe ramin miliyan 365.

Lokacin guguwa a tekun Atlantika yana farawa ne ranar 1 ga Yuni, ya kai ƙarshen Nuwamba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ina so wasiƙar ta fita kafin nan. Asabar ce ranar hutuna, duk masallacin da ya shirya zama a kan maganar, a sanar da ni ta hannun shugabar mata, zan zo da takardun da na tara. Jikar Abuwela ta ce za ta biyo ni ta yi mana tafinta in ana son a ji daga bakin kakarta ta waya.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Wassalam,
'Yarku mai aikin kula da tsofaffi a gida,
Bronx, New York